Amsa kan RPC: yadda kira ke tafiya daga wata kwamfuta zuwa wata, da abin da ke faruwa idan amsa ta ƙi dawowa

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce kana aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta a jami'ar jihar Gombe, malaminku ya ce RPC (Remote Procedure Call, wato kiran aiki daga nesa) shine ka kira fankshin da yake cikin wata kwamfuta kamar a cikin taka yake, kai kuma abin bai zauna maka ba. Kana so ka san ta yaya hakan zai yiwu, miye bambancinsa da API ɗin da kowa ke faɗa, sannan wanne ya kamata ka ɗauka a furojet ɗinka na manhajar shago mai reshe biyu, ɗaya a cikin Gombe ɗaya a Kumo. Toh bari in bi maka su, amma zan fi daɗewa a wani waje da baka ma tambaya ba, don nan ne ake shan wuya a wajen aiki.

Rashin zaman da abin yayi maka daidai ne, domin a zahiri ba zai yiwu ba. Idan ka kira fankshin a cikin firogiram ɗinka, furosesa ne yake ajiye abubuwan da ka ba fankshin ɗin a rajista ko a sitak, yayi tsalle zuwa wani adireshi a cikin mimori, ya gama aiki ya dawo inda ya tsaya. Furosesan kwamfutarka da ke Kumo ba shi da hanyar da zai yi tsalle ya faɗa cikin mimorin kwamfutar da ke Gombe, abin da kawai ke iya bin waya ko iska shine jerin bayit. Saboda haka RPC dabara ce, ana tura saƙo ne a jira amsa, sai a lulluɓe wannan tura saƙon da rigar fankshin don mai rubuta kod ya huta.

Ga yadda lulluɓin yake. A ce a reshen Kumo ka rubuta duba_saura("shinkafa") kana so ka san buhu nawa ya rage a babban sito. Akwai fankshin mai wannan sunan a cikin kwamfutar Kumo, da gaske akwai shi, amma fanko ne, bai san komai game da shinkafa ba. Wannan shi ake kira sitob, ni ina ce masa wakili. Aikinsa ya ɗauki sunan aikin da ake nema da abin da ka ba shi, ya jera su cikin bayit, ya manna musu lambar kira, ya miƙa wa ɓangaren da ke kula da netiwok, sannan ya riƙe firogiram ɗinka a tsaye yana jira. A can Gombe akwai wani wakilin na ɓangaren saba, wato kwamfutar da ke amsa kira, wanda dama kunnensa na kan layi, shi zai karɓi bayit ɗin ya warware su, ya ga ashe duba_saura ake nema kuma shinkafa ce, sai ya kira ainihin fankshin ɗin, kira na yau da kullum a cikin mimorin wannan kwamfutar. Fankshin ya duba databes ya ce 40, wakilin saba ya sake jera 40 ɗin cikin bayit da lambar kiran nan, ya mayar, wakilin Kumo ya warware ya miƙa maka 40 kamar shi yayi lissafin. Kai mai kod baka ga soket ba, shima wanda ya rubuta ainihin fankshin ɗin bai san daga nesa aka kira shi ba.

Kuma ba kai zaka zauna ka rubuta wakilan nan da hannu ba. Fayil ɗaya kake rubutawa na yarjejeniya, a ciki ka faɗi sunan kowane aiki, me yake karɓa, me yake mayarwa, sai wani firogiram ya karanta fayil ɗin ya haifo maka wakilan biyu. Shi ya sa ɓangare ɗaya zai iya zama Python ɗayan kuma Go ko Java kuma su fahimci juna. Tsarin nan ba sabo bane, Bruce Jay Nelson ne ake dangantawa da sunan tun digirinsa na uku a 1981, sannan a 1984 shi da Andrew Birrell suka fitar da bayanin yadda suka gina shi a cibiyar binciken Xerox PARC da ke Amurka, da wakilin mai kira da wakilin saba da injin da ke haifo su duk a ciki. In ka kalli gRPC, tsarin RPC na Google da ake amfani da shi yau, zaka ga ƙashin bayan ɗaya ne.

Jera bayanai cikin bayit ɗin nan yana da ɗan labari. Kwamfutoci basu yarda da juna ba akan yadda ake ajiye lamba mai bayit huɗu, irin su Intel ƙaramin bayit suke fara ajiyewa, wasu injina kuma babban suke farawa da shi, in ka kwashi mimori yadda yake ka tura sai ɗaya ɓangaren ya karanta wata lamba daban kwata-kwata. Kamfanin Sun da suka yi nasu RPC ɗin a tsakiyar shekarun 1980 don tsarin raba fayil na NFS sai suka kafa doka mai suna XDR, babban bayit a gaba, kuma komai a cika shi ya zama ninkin bayit huɗu. Google kuma suka zo da Protocol Buffers wanda suka saki ga jama'a a 2008, shi baya tura sunan fili (wato gurbin kowane bayani a cikin saƙo) sam, lamba yake turawa. Misali in fili na 2 shine kuɗi kuma ka sa 5000, abin da zai bi waya bayit uku ne kacal, 10 88 27 a rubutun heks, na farkon yana cewa fili na 2 ne kuma lamba ce, sauran biyun sune 5000 ɗin. Irin wannan a JSON, tsarin tura bayanai da rubutun da ido ke karantawa, in ka rubuta "kudi":5000 haruffa 11 ne. Kaga an samu sauƙin data, amma da sharaɗi: tunda lambar fili ce ke tafiya ba suna ba, duk ranar da ka goge wani fili kar ka kuskura ka ba sabon fili tsohuwar lambarsa, domin tsohuwar manhajar da ke wayar wani wanda bai yi ofdet ba zata karanta sabon abu da tsohuwar ma'ana kuma ba wani kuskure da zai fito ya gaya maka. Af, tunda maganar kuɗi ta shigo, ka ajiye kuɗi a matsayin kwabo da cikakkiyar lamba, banda lamba mai ɗigo.

Foyinta kam ba ta tafiya. Adireshin mimori ne, a wancan kwamfutar ba ta nufin komai. Dole a kwafi abin da take nunawa gaba ɗaya a tura, in saba ya canza shi sai an kwafo an dawo da shi. Wannan shine waje na farko da rigar ke yagewa.

Sai kuma yadda wakili yake sanin inda zai tura. A tsarin Sun akwai wani ɗan saba da ke zaune a fot 111 (fot ƙofa ce mai lamba da saƙo ke shiga kwamfuta ta ita), kowane saba in ya tashi sai yayi rajista a wajensa, mai kira kuma ya fara tambayarsa wane fot wane aiki yake. Windows ma haka take yi a fot 135, kuma Windows cike take da RPC har tsakanin firogiram biyu na cikin kwamfuta ɗaya. In ka taɓa zama a shagon buga takardu irin na bakin makaranta a Tudun Wada ka ga firinta ta ƙi aiki an rubuto cewa saban RPC baya samuwa da lamba 1722, toh wannan ne, an yi kira ba a samu mai ɗauka ba, ko sabis ɗin ya tsaya ko fayawol ta tare hanya. Fot 135 ɗin nan ne tsutsar Blaster ta bi a watan Agusta 2003 ta dinga sa kwamfutocin Windows XP suna ƙirga sakan 60 su kashe kansu, duk da Microsoft ta riga ta fitar da faci tun watan Yuli. Darasin da masu aiki suka ɗauka shine wakilin saba yana warware bayit ɗin da baƙo ya turo, in akwai rami a wajen warwarewar baƙo ya shigo gida. Su kuma abokanka masu harkar kirifto da suke liƙa adireshin RPC a MetaMask don ƙara sabon netiwok, adireshin saban da walet ɗin zai dinga kira ne da JSON-RPC, duk lokacin da balas ya fito walet ɗin ya kira aiki mai suna eth_getBalance a can ne.

Yanzu lokaci. Kiran fankshin a cikin kwamfuta ɗaya 'yan nanosakan ne. Haske a cikin wayar faiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan, wato kowace kilomita dubu milisakan 5 zuwa kawai, dawowa wasu 5, kuma wannan kafin a lissafa ɓata lokacin rauta-rauta da na hasumiyar waya. In sabanka yana Jamus ko Ireland kamar yadda wasu masu hayar saba a gajimare (kilawud) ke yi, saƙonka zai bar Gombe ya gangara Legas ya shiga wayar ƙarƙashin teku, ka sa a ranka milisakan ɗari da wani abu kowane kira in netiwok na da lafiya. Wato kira ɗaya na nesa ya fi na gida tsada sau miliyoyi alhali a cikin kod layi ɗaya ne iri ɗaya. Ɗalibi zai rubuta luf, wato kod mai maimaita aiki, ya duba kaya 1000 ɗaya bayan ɗaya, a laftof ɗinsa inda saba da mai kira duk suna waje ɗaya sai ya ga kamar ƙiftawar ido, ranar da aka kai saba nesa kowane kira ya ci milisakan 150 sai abin ya koma minti biyu da rabi, mai shago yana tsaye kwastoma na jira. Maganin ka yi aiki ɗaya mai karɓar jerin kaya ya mayar da jerin amsa. Kira kaɗan masu ɗaukar kaya da yawa, haka ake zana RPC.

Toh mun zo wajen da nace zan daɗe. Fankshin na gida abu biyu ne ke faruwa da shi, ko yayi aiki ya dawo da amsa ko ya faɗi ka ga kuskure, in ma kwamfutar ce ta mutu toh da kai da fankshin ɗin tare kuka mutu ba wanda ya rage yana tambaya. Kiran nesa yana da na uku, shiru. Ka je tashar Dukku ka ba direba saƙon kuɗi ya kai wa yayanka, har dare yayanka bai kira ba wayarsa kuma ba ta shiga. Ko motar ce ta lalace a hanya saƙo bai isa ba, ko ya isa an ba shi amma cajinsa ne ya ƙare, ko kuma har yanzu motar tana hanya. Daga inda kake zaune duk ukun kamarsu ɗaya. In ka sake aika wasu kuɗin wataƙila ya karɓa sau biyu, in baka aika ba wataƙila bai samu ko sisi ba. Daidai wannan halin wakilin mai kira yake shiga idan wa'adinsa ya cika ba amsa: ko buƙatar ce ta ɓace, ko saba ya karɓa ya mutu kafin yayi aikin, ko ya mutu bayan ya gama aikin, ko yayi komai lafiya amsar ce ta ɓace a hanyar dawowa. Ba wata laburare, ba gRPC ba kowa ba, da zata iya bambance maka waɗannan daga ɓangaren mai kira. Mutane suna cewa ai TCP, ƙa'idar intanet mai ɗaukar saƙo tsakanin kwamfutoci, na tabbatar da isar saƙo, eh, muddin layin na raye, amma in layin ya tsinke TCP bazai gaya maka ko firogiram ɗin can ya riga ya rubuta a databes ba.

Saboda haka zaɓi biyu ne a hannun mai gina tsari. Ko ya ce in ban ji amsa ba zan maimaita har sai na ji, wannan ke ba da tabbacin aikin ya faru aƙalla sau ɗaya, amma zai iya faruwa sau biyu ko uku. Ko ya ce ba za a taɓa yin aikin fiye da sau ɗaya ba, amma zai iya zama ba a yi ba sam. Su Birrell da Nelson ma abin da suka yi alkawari kenan tun wancan lokacin, in kira ya dawo da amsa an yi shi sau ɗaya cif, in ya dawo da kuskure toh ko an yi sau ɗaya ko ba a yi ba. NFS na farko shi kuma hanyar maimaitawa ya bi, aka zana yawancin ayyukansa yadda maimaitawa ba ta ɓarna, misali rubuta wannan bayit ɗin a wuri kaza na fayil, ko sau goma ka yi sakamako ɗaya ne. Duk da haka sai da aka ƙara wa saba ɗan wurin tuna amsoshin baya, saboda aiki irin goge fayil in aka maimaita shi karo na biyu zai ce babu fayil ɗin alhali shi ya goge shi.

Kana ganin wannan kullum ba tare da ka sani ba. Idan ka sa lambar akawun guda 10 a manhajar banki sunan mai akawun ya fito, kira ne aka yi ta hanyar NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankunan Najeriya, zuwa bankin mutumin, kuma irin kiran da ba shi da haɗari ne, in ya ƙi ka sake dannawa sau biyar ba abin da zai ɓaci tunda tambaya ce kawai. Tura kuɗin kuma wani abu ne daban. Haka a wajen mai POS, duk da su saƙonninsu a tsarin ISO 8583 suke ba a kiransu RPC amma siffar ɗaya ce, buƙata ta tafi a jira amsa. In amsa ta dawo da 00 an yarda, in 51 ce kuɗi basu isa ba, waɗannan duk amsoshi ne masu kyau domin an san matsaya. Rigimar da kake gani a bakin kasuwa, mai kati yana nuna alat an cire masa mai POS yana nuna takarda ta ce bai yi ba, wannan shine shirun nan. Banki yayi aikinsa, amsar ce bata iso na'ura akan lokaci ba. Shi ya sa tsarin yake da saƙo na musamman na warware ciniki, na'ura ko suwic ɗin da ke haɗa ta da banki ya tura cewa wancan cinikin mai lamba kaza ban ga ƙarshensa ba in an cire a mayar. Shima wannan saƙon kira ne na nesa kuma zai iya ɓacewa, shi ya sa wani lokaci sai an jira an daidaita lissafi tsakanin bankuna kafin kuɗi su dawo.

Abin da ake yi a aikace, kuma shi nake so ka saka a furojet ɗinka ko da malami bai nema ba, shine kowane aiki mai canza wani abu ka ba shi lambar shaida wadda mai kira ne zai ƙirƙire ta tun kafin ya tura, UUID, doguwar lambar nan da da wuya a samu biyu iri ɗaya, ya isa. A ce reshen Kumo ya sayar da buhu 3, zai ƙirƙiri lamba ya ajiye ta a wajensa tukuna, sannan ya kira rage_kaya da lambar da shinkafa da 3. Saba in ya karɓa sai ya duba tebur, in bai taɓa ganin lambar ba yayi aikin ya rubuta lambar tare da amsar da ya bayar, in ya taɓa gani bazai sake ragewa ba, tsohuwar amsar kawai zai mayar. Yanzu Kumo zai iya maimaita kira sau ashirin hankali kwance. Amma akwai tarko biyu da nake yawan gani a kod ɗin matasa. Na farko rage kayan da rubuta lambar dole su kasance cikin tiransakshin ɗaya na databes, wato ko a yi su tare ko a fasa su tare, in ka raba su kuma NEPA ta ɗauke wuta a tsakani, an rage kaya ba a rubuta lamba ba, ka koma gidan jiya. Ka kuma sa wa ginshiƙin lambar dokar hana maimaici a databes ɗin kanta, don kira biyu masu lamba ɗaya suna iya isowa a lokaci guda kowanne ya duba ya ga babu. Na biyu, wasu sai su sa ƙirƙirar lambar a cikin fankshin ɗin da ke maimaita kira, kowane maimaici da sabuwar lamba, wlh wannan daidai yake da ba a yi komai ba. Sannan ka ƙara aiki ɗaya na tambayar matsayi, a ba shi lamba ya ce an yi ko ba a yi ba. Kamfanonin karɓar kuɗi irin Paystack da Flutterwave haka suke, kowane ciniki da lambarsa kuma akwai kiran tantancewa da ita, kuma a manhajarka in wa'adi ya cika kar ka nuna wa mai shago "ya faɗi", ka nuna masa "ana dubawa", domin gaskiyar kenan.

Wa'adi kuma ka sa shi da kanka a kowane kira. gRPC in baka sa ba zai iya zama yana jira ba iyaka, kira su taru su cinye mimori. In saba A yana kiran B shi kuma yana kiran C, sai a miƙa ragowar wa'adin gaba, ba amfanin C ya ci gaba da wahala akan aikin da mai nema ya riga ya haƙura ya tafi. Maimaitawa ma da ladabi ake yi, jira sakan 1, sai 2, sai 4, a ɗan ƙara wani lokaci na ba-zata a kai don kar duk masu kira su dawo a sakan ɗaya. Saba da ya durƙusa saboda nauyi in kowa ya ninka kiransa sau uku ai ƙarasa shi aka yi. Kuma kar ka ce wannan sai manyan kamfanoni, ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka samu matsala a gaɓar Yammacin Afirka, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, duk manhajar da sabanta ke waje ta ɗanɗana, babba da ƙarama.

Ni a ganina kalmar "kamar" ɗin nan da ke cikin bayanin aji ita ta fi ɓatar da mutane, kuma ba ni na fara faɗa ba. A 1994 Jim Waldo da abokan aikinsa a Sun suka rubuta cewa abu huɗu ne suka raba kiran gida da na nesa, jinkiri, rashin mimori ɗaya, ayyuka masu gudana a lokaci guda, da faɗuwar wani ɓangare alhali sauran na raye, kuma ɓoye su baya kawar da su. Zamanin tsarukan kiran nesa irin CORBA da aka fara a 1991 da DCOM na Microsoft an so a ɓoye nisan gaba ɗaya har ka riƙe abu baka san ko na gida ne ko na nesa ba, abin yayi nauyi ya gaji mutane. Java RMI na 1997 ya ɗan fi gaskiya tunda yana tilasta maka ka kama RemoteException a kowane kira. Daga nan aka zo XML-RPC a 1998 wanda har yau burbushinsa na cikin WordPress a fayil ɗin xmlrpc.php, sai SOAP, sai Thrift na Facebook a 2007, sai gRPC a 2015 wanda Google suka ciro daga tsarinsu na cikin gida mai suna Stubby. Na yanzu sun daina riya cewa netiwok babu shi, wa'adi da soke kira da lambobin kuskure duk a fili suke a gabanka.

Bambancinsa da API gajere ne. API kalma ce mai faɗi, duk wata ƙofa da firogiram ya buɗe don wani firogiram ya shigo, RPC salo ɗaya ne na gina ta. Abin da abokanka ke nufi in sun ce API yawanci REST ne, salon da Roy Fielding ya bayyana a 2000, inda kake tunanin abubuwa masu adireshi kana yi musu GET da PUT da DELETE, shi kuma RPC tunanin ayyuka yake, yi kaza da kaza. Gaskiya ma yawancin abin da ake kira REST a kasuwa RPC ne sanye da JSON, duk wanda ya rubuta POST zuwa /rageKaya kiran aiki yayi, kuma ba laifi bane. Matsalar shirun nan kuwa ba ruwanta da salo, tana kan duka biyun.

gRPC yana hawa kan HTTP/2, layi ɗaya yana ɗaukar kira da yawa a tare, kuma bayan kira ɗaya amsa ɗaya yana da kwarara, saba ya dinga turo amsoshi a jere, ko mai kira ya dinga turawa, ko duka biyun. Yana da daɗi tsakanin saba da saba a cikin ɗakin data ɗaya inda ƙungiyoyi daban-daban ke rubutu da yare daban-daban. Amma burauza ba ta iya magana da shi kai tsaye sai ka sa gRPC-Web da wani ɗan tsakiya irin Envoy, kuma in abu ya lalace bayit zaka gani ba rubutun da ido ke karantawa ba.

Don haka furojet ɗinka ni dai bazan ce ka ɗauki gRPC ba, sai dai in so kake ka koya, wanda shima dalili ne. HTTP da JSON sun ishe ka, ayyuka huɗu ko biyar, kowane mai canza kaya da lambar shaidarsa. Abin da zai bambanta aikinka da na sauran 'yan aji shine reshen Kumo ya iya ci gaba da ciniki ko netiwok ya ɗauke: ka sa ɗan databes ɗin nan SQLite a kwamfutar reshen, kowane ciniki a fara rubuta shi a nan da lambarsa da alamar "ba a tura ba", wani ɗan firogiram a baya yana bin layin yana turawa yana maimaitawa, sai saba ya amsa sannan a canza alamar. Zaka ci karo da tambayar me zai faru in reshe biyu sun sayar da buhun ƙarshe a lokacin da basa jin juna, wannan ba kod ne zai yanke ba, mai shago zaka tambaya, ko a ware wa kowane reshe kasonsa ko a yarda lissafi ya shiga ƙasa da sifili a gyara daga baya. Wajen gwaji kuma kar ka tsaya a kashe data kafin ka danna, wannan mai sauƙi ne. Ka sa wa saba layin da zai yi barcin sakan 10 bayan ya gama rubutawa a databes kafin ya mayar da amsa, wa'adin mai kira kuma ka sa shi sakan 3, ka sayar da buhu 3, ka bar shi ya maimaita, sannan ka buɗe tebur ka ga ko 37 ya rage ko 34. In ka ga 34 ka turo min fankshin ɗin da ke maimaita kiran da wanda ke karɓa a saba mu duba tare.